Ruwan farko na 'yan tsaki: abin da ya kamata ku sani

Da yawa daga cikin 'yan tsakin gidan gona da ake saya a Kano, Kaduna ko Sakkwato, daga Ibadan ake ɗauko su. Kafin su iso hannunku sun kwana cikin kwali, sun sha zafin mota. Yunwa ba ta cika yi musu illa a hanya ba, domin ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta iya riƙe shi har kwana 3. Ƙishirwa ce ke karya su.

Saboda haka kada ku yi saurin zuba abinci. Ku fara da ruwa, ku ba su kamar awa 2 suna sha. Ruwan ya zama mai tsabta, ba na firij ba, ba kuma wanda ya kwana a waje cikin hunturu ba. A ranar farko ana sa gulukos ko sukari kaɗan don su farfaɗo, amma kada ya wuce ranar.

Ɗan tsakon da kaza ta ƙyanƙyashe yana koyon sha daga uwarsa. Na inji ba shi da mai koya masa sai ku. Ku ɗauko shi, ku tsoma bakinsa kawai a ruwa, ku sake shi. In ya ɗaga kai ya haɗiye, ya gane, sauran kuma za su kwaikwaya. Raunanan da suka lafe a gefe, su za ku fi bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin tsaki sun mutu a cikin ruwan da aka sa don ceton su. Kwano mai zurfi tarko ne. Wanda ya faɗa, ko bai nutse ba, in ya jiƙe sanyi zai kashe shi. Idan babu mazubin ruwan kaji, ku sami faranti marar zurfi ku zuba tsakuwa wankakkiya a ciki. Ku riƙa wanke shi kullum, kuna kwashe shimfiɗar da ta jiƙe, don danshi ne ke raya cutar kashin jini.

Washegari ku taɓa jakar abincin da ke ƙasan wuyansu. In ta cika da taushi, sun ci sun sha. In ta yi tauri, sun ci ba su sha ba. In haka ne, ku ƙara mazubin ruwa, ku matso da shi kusa da wurin ɗumi.