Gishiri da kanwa: mu yi hattara da zuciyarmu

Zuciya ma'aikaciya ce wadda ba ta san hutu ba. Dare da rana tana tura jini cikin jijiyoyi, kamar yadda injin ban ruwa yake tura ruwa cikin garka. Idan hanyar ruwa ta ƙuntata, injin ne yake wahala. Haka zuciya take gajiya idan jini ya hau.

Da can ana cewa hawan jini ciwon masu kuɗi ne. Yau ya shiga birni da ƙauye. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18. Babu ciwon da ya kai su kisa a duniya.

Me yake tada jini?

Na farko gishiri. Shi yake riƙe ruwa cikin jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta. Awon da OMS ta ba babban mutum shi ne ƙasa da giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda. Amma uwargida takan sa gishiri a miya, ta ƙara dunƙulen magi, alhali kusan rabinsa gishiri ne. Kanwa ma ƴar uwar gishiri ce, aikinsu ɗaya cikin jini. Saboda haka a rage ta cikin wake da miyar kuka, kuma kada a cika wa mai jego kunun kanwa. Idan ƙafafunta sun kumbura ko numfashi yana yi mata wuya, a kai ta likita ba tare da jinkiri ba.

Na biyu, mai da sukari. Soye-soye kullum da shayin fada mai zaƙi suna kawo ƙiba, ƙiba kuwa nauyi ce ga zuciya. Na uku taba, wadda take lalata jijiyoyin mai sha da na wanda ke zaune kusa da shi. Tun 2006 dokar Nijar ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a.

Rigakafin yana gonarmu

Gero da dawa da wake sun fi taliya da farar shinkafa amfani ga zuciya. Zogale, yakuwa, kabewa, tumatir da gwaba duk suna samuwa a garake. Mai noman rani ya ajiye na gida kafin ya kai kasuwa. Albasar Galmi, tafarnuwa, citta da daddawa suna ba miya daɗi ko an rage gishiri. Wanda ya bar hauya ya koma zaman shago ko hawan babur, ya riƙa tafiyar ƙasa ta minti 30, kwana 5 a sati.

Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, sai ranar da ya shanye rabin jiki. Don haka kowane baligi ya je a auna shi, ko sau ɗaya a shekara. Idan awo ya kai 14 da 9 har aka sake gwadawa bai sauka ba, a bi umurnin lokotoro, kuma kada a bar magani don an ji sauƙi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa mai dafa abincin gidansu, domin cokalin gishiri a hannunta yake.