"Kada ki dawo da saura": maganar da ke kai ɗiyanmu hannun mugu

Duk wadda ta taɓa sauka tashar mota bayan sallar isha'i ta san abin da zan faɗa. Ko a Maraɗi ne, ko Tawa, ko tashar Wadata ta Yamai, ko bakin Kasuwar Dole a Damagaram, za ki gan su: ƴan mata ƙanana, wata shekara 9, wata 11, da faranti bisa kai. Awara ta huce, dafaffen ƙwai ya rage uku, gujiya ƙulli biyar. Barci na fizgar su, amma ba su nufi gida ba. In kika tambayi ɗaya me take jira, amsar guda ce: inna ta ce kada ta dawo da saura.

Innar nan kuwa sau da yawa ƴar asusu ce kamarmu. Ta ɗauki rance ta sayo waken soya da mai, ranar biya ta matso, ga tara in ta makara, ga kunyar idon ƴan uwa. Ba don ba ta son ɗiyarta ta faɗi wannan magana ba. Lissafi take yi. Sai dai lissafin nan akwai abin da bai ƙidaya ba.

Asusu ya yi mana rana. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, tare da ƙungiyar CARE, mata nawa suka sayi akuya, suka biya magani, suka tsallake lokacin da rumbu ya ƙare ba tare da sun miƙa hannu ba? Dubarar da aka fara a ƙauyukanmu yau ƙasashe da yawa sun ɗauke ta. Saboda haka mu ne ya kamata mu fara tambayar kanmu: rancen da muke ɗauka, bisa kan wa ake biyan shi?

Yadda abin ke farawa

Mugu ba ya zuwa da wuƙa. Da fara'a yake zuwa. Yau ya saya ya ce "riƙe canjin." Gobe ya saye abin da ya rage duka, yarinya ta koma gida da wuri, uwa ta yi murna, har ta sa masa albarka ba ta san shi ba. Jibi sai ya ce "kawo mini cikin shago," ko "biyo ni ɗaki ki amshi kuɗinki." Kafin nan ya riga ya zama mutumin kirki a idonta, kuma ya san abu guda da take tsoro: komawa gida da saura.

Wata rana kuma kuɗin ne ke ɓacewa, ko farantin ya kife cikin rairayi. Yarinyar da ta san bulala na jiran ta saboda dala 40, duk wanda ya ce zai cika mata kuɗin, za ta bi shi. A nan ne dukan da muke yi a gida yake buɗe wa mugu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 tana ba da labarin an taɓa lalata da ita tun tana yarinya. Mu dubi zamanmu na ranar zubi, mu 25 ko 30 bisa tabarma, mu yi wa kanmu lissafi. Kuma galibi mai yin abin sananne ne ga yaron: maƙwabci, mai saye na kullum, wani lokaci ma ɗan gida. Yara maza su ma ba su tsira ba, sai dai nasu ya fi ɓoyuwa. Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce ɗiyar riƙo da ƴar aikin da aka kawo daga ƙauye, don ita ake ɗora wa tallar dare, kuma ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

Abin da uwa za ta lura da shi

Yaro ba kasafai yake buɗe baki ya faɗa ba, amma jikinsa da halinsa suna faɗa. Ɗiyarki mai surutu ta koma shiru. Ta fara ƙin bin wata hanya ko ƙin zuwa wani gida da take zuwa da can. Kin ga kuɗi, ko ɗan kunne, ko man shafawa da ba ke kika saya ba. Tana firgita cikin barci, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina. Tafiyarta ta sake, tana kukan zafi wajen fitsari. Tallarta na ƙarewa da wuri kullum, kuma mutum guda ne ke sayewa.

Ɗaya daga cikin waɗannan bai isa hujja ba, amma ya isa ki zaunar da ita. Ba gaban kishiya ba, ba gaban baƙi ba. Lokacin kitso, ko kuna tsince shinkafa ku biyu. Mun gaji kunyar ɗan fari, har wata uwa ba ta iya kiran sunan ɗiyarta, balle wannan zance. In ke ba za ki iya ba, ki sa gwaggonta, ko kakarta, ko wata aminiyarki da yarinyar ta saki jiki da ita.

In ta faɗa miki

Maganar farko da za ta fito bakinki ita ce mafi nauyi. In kika ce "me ya kai ki?" kika ɗauko muciya, kin rufe bakinta ke nan, ƙila har abada. Ki ce mata kin yarda da ita, ba laifinta ba ne, kuma ta kyauta da ta faɗa. Kada ki yi ta maimaita mata tambaya.

Sannan a nufi likita, ba sai gobe ba. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar sida, amma sai an fara shan shi cikin awa 72, wato kwana 3. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma ba ya wuce kwana 5, kuma gwargwadon saurin shan shi gwargwadon aikinsa. In abin bai daɗe da faruwa ba, kada a yi mata wanka ko gashi da ruwan zafi kafin a je, kada a wanke tufafin, a tafi da su. Ko kwanakin sun wuce, a je, don akwai ciwon da ake magancewa, kuma takardar likita ita ce shaida gaban alƙali.

Daga nan sai maganar da ta fi wuya. Dangi za su taru su ce a rufa asiri, wa zai aure ta in an ji? Za a kawo ƴan jikkuna a ce a kashe magana. Wani ma zai ce a ɗaura mata aure da shi, ko da wani, a huta. Ƴan uwa, asirin wa ake rufawa? Yarinya ta zauna da ciwonta, shi kuwa gobe yana bakin shagonsa yana jiran ɗiyar maƙwabciyarki. Dokar ƙasarmu ta ɗauki fyaɗe babban laifi mai ɗaurin shekaru da yawa, kuma hukuncin ya fi tsanani in yarinyar ƙarama ce. Ana kai ƙara wajen ƴan sanda ko jandarma, kuma akwai alƙalin da aka ware don shari'ar yara. Sirrin da ya wajaba mu riƙe shi ne sunan yarinyar: kada ya zama abin hira a bakin rijiya ko gidan biki.

Abin da ke hannun ƙungiya

Ba wanda zai ce a bar talla yau yau. Gidaje da yawa da ita ake cefane, da ita ake tara kayan ɗaki, wata uwar kuma ba ta fita. Amma mu da muka iya kafa dokar tara ga wadda ta makara zubi, muka kuma bi ta shekara da shekaru, za mu iya kafa doka saboda ɗiyanmu. Ga abin da kowace ƙungiya za ta iya tattaunawa:

Ba ɗiyar ƴar asusu da za ta kai magariba a waje da faranti. Yara su fita biyu biyu ko uku uku. Ba shiga ɗaki, ko shago, ko mota, ko hawa kabu-kabun wanda ya ce zai rage hanya. Mai saye ya fito waje. Ba a dukan yaro saboda saura ko ɓatan kuɗi. Lokacin lakwal na lakwal ne. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati ta kare ɗiya mace mai karatu da tallafa mata.

Mu duba kuma yadda muke bin bashi. In ƴar uwa ta zo ta ce kasuwa ta ƙi, ƙara mata sati guda ya fi a matsa mata ta matsa wa ɗiyarta. Wajen ba da rance, a ƙarfafa sana'ar da ba ta bukatar yawo: tebur a ƙofar gida, kiwo, sarin hatsi, ko mata uku su haɗa kai babba guda ta zauna da kayansu a kasuwa. Asusun taimako da muke taɓawa don haihuwa da rasuwa, a yarda ya biya kuɗin mota zuwa likita in irin wannan ta faru, ba tare da an ambaci suna a taro ba. A zaɓi dattijuwa biyu masu riƙon amana da za a iya buga wa ƙofa ko da tsakar dare. Inda akwai kwamitin kare yara na gari, mu sa tamu a ciki. Mu kai maganar ga mazanmu, ga maigari da liman, don uwa ita kaɗai ba ta iya tsayawa gaban dangi.

Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, mabuɗan na hannun mata uku, don kada dala guda ta salwanta. A zubi mai zuwa, kafin a buɗe shi, shugaba ta tambaya: jiya da dare, ɗiyar wa ta kai isha'i a waje? Wadda kuma ɗiyarta ta shigo yau da saura, ta amshi farantin, ta ce mata sannu, a ci saurar a gida.