Abin da ya kamata ku sani game da bayanan bibiya a binciken tattalin arziki

Idan jami'in ƙididdiga ya shiga ƙauye sau ɗaya, ya yi wa gidaje tambayoyi ya tafi, labarin rana ɗaya kawai ya samo. In kuwa ya koma wa gidajen nan bayan shekara biyu, ya sake komawa bayan wasu shekarun da tambayoyi iri ɗaya, to ya tara abin da za mu kira bayanan bibiya. Najeriya tana da irinsu. Tun 2010 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, ta fara bin gidaje kusan 5,000, ana zuwa musu sau biyu a kowane zagaye, bayan shuka da bayan girbi. Nijar ta yi nata a 2011 da 2014. Jami'ar Michigan a Amurka kuwa tun 1968 take wannan aiki, yanzu har jikokin mutanen farko take bi.

Me ya sa ake shan wannan wahala? A ce manomi ya zuba buhu huɗu na taki ya samu buhu talatin na masara, maƙwabcinsa ya zuba ɗaya ya samu goma sha biyu. Mai gaggawa zai ce taki ne ya kawo ratar gaba ɗaya. Amma wataƙila gonar na farko ta fi ƙarfi tun asali, kuma shi mutum ne da ba ya barin ciyawa ta riga shi, yana noman firi da maimai a kan kari. Irin wannan manomi shi ne ya fi sayen taki, shi ne kuma ya fi samun amfani ko da babu takin. Takardar tambayoyi ba ta da gurbin rubuta ƙwazo, sai lissafi ya ɗauki ladan ƙwazon ya ba taki.

Masani Yair Mundlak ya nuna mafita a 1961, da bayanan gonakin Isra'ila. A daina gwada manomi da maƙwabcinsa, a gwada shi da kansa. Shekarar da ya ƙara taki fiye da yadda ya saba, nawa amfaninsa ya ƙaru a kan wanda ya saba samu? Ƙarfin ƙasa da halin mai gona suna nan yadda suke bara da bana, don haka suna fita daga lissafin da kansu, ko ba a auna su ba. Wannan ita ce hanyar tsayayyen tasiri. Haka ake yi wa shekaru ma: damina mai albarka ko tsadar man fetur, da suka shafi kowa lokaci ɗaya, ana ware su gefe.

Hanyar tana da tsadarta. Duk abin da ba ya canzawa, kamar nisan ƙauye da kasuwa, ba za ta iya faɗa muku tasirinsa ba, tunda ya fita tare da sauran. Shi ya sa wasu ke bin hanya ta biyu, wadda ke ɗauka cewa bambancin da ke tsakanin gidaje dace ne kawai, ba ruwansa da yawan takin da aka saya. In zaton ya yi daidai, sakamakonta ya fi kaifi. Jerry Hausman ya fito da gwaji a 1978 da ke auna hanyoyin biyu: idan amsoshinsu suka yi hannun riga, ana zargin ta biyun. A harkar noma dai ni ban cika yarda da wannan zato ba, domin mai ƙwazo da mai sayen taki galibi mutum ɗaya ne.

Ita ma ta farkon ba ta maganin komai. Manomin da ya kwanta jinya da damina zai rage taki, zai kuma makara da noma, lissafi kuwa zai ɗora laifin duka a kan taki, tunda ciwon abu ne da ya zo ya wuce. Ga matsalar awo: tiyar wannan kasuwa ba tiyar waccan ba ce, manomi kuma daga ka yake tuno yawan dammunansa. Ƙaramin kuskure irin wannan yana ƙara nauyi idan ana cire bara daga bana.

Babbar ɓaraka ita ce gidajen da ke ɓacewa. Wani ya tafi ci-rani bai dawo ba, wani ƙauyen rashin tsaro ya tashe shi. Sau da yawa waɗanda wahala ta fi cin ƙarfinsu ne ke fita, waɗanda suka rage sai su sa a ga kamar al'amura sun gyaru. Saboda haka duk rahoton da ya ce muku wani shiri ya rage talauci, ku duba ko gidaje ɗaya aka bi, nawa aka fara da su, nawa kuma aka tarar a zuwan ƙarshe.