Yoyon da Ido Ba Ya Gani: Yadda Ake Gane Sil Ɗin Inji Ya Mutu

Duk wanda ya biyo titi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo a birnin Zazzau bayan magariba, a daren da babu wuta, ba zai rasa jin ƙugin ƙananan janaretoci a ƙofar teloli da masu aski da masu cajin waya ba. Kuma da yawa daga cikinsu irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, watau masu bugu biyu, dangin tsohuwar Vespa da malamai da 'yan kasuwar Zazzau suka daɗe suna hawa. Wannan irin inji shi ne kuma ke cikin tsofaffin baburan ruwa, waɗanda kamfanin Kawasaki na Japan ya fito da nasa a 1973 da sunan Jet Ski, ake tsere da su a ruwan Ikko. To, kanikawan baburan ruwa sun riƙi wata ƙa'ida ta gwaji wadda ya kamata a ce namu na birni da Tudun Wada sun karɓa.

Asalin mas'alar shi ne, injin mai bugu biyu ba ya kai fetur da iska kan fistin kai tsaye, sai ya fara zuƙo su cikin akwatin da karanshaf ke juyawa, ya matse su a can, sa'an nan ya tura su sama. Saboda haka wajibi ne akwatin ya kasance a toshe ruf, abin da ke tsare bakinsa biyu kuwa zoben roba ne da kanikawa ke kira sil. Idan zafi ya busar da robar, ko ƙurar hunturu ta cinye leɓenta, ko boris ya saki har shaf ya riƙa rawa a cikinta, sai iska ta sami ɓarauniyar hanya, ta rinjayi fetur, inji ya yi ta ɗaukar zafi alhali mai shi bai ga ko ɗigon mai a ƙasa ba. Ƙarshen al'amarin fistin ya narke ko ya kame, a ce inji ya buga. A kan ruwa abin ya fi muni, domin mahayi kan murɗe totur har ƙarshe ya daɗe a haka, in kuwa inji ya tsaya ba gefen titin da zai tura.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: tashi da ƙyar, sulo da ke hawa da sauka da kansa, inji da ba ya zama sai an ja cok, da bakin filogi da ya yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. A Vespa, in sil na ɓangaren kuloci ne ya mutu, man giya kan ragu, hayaƙi ya yi yawa, a kuma ji warin fetur a man. Amma fa alama zato take bayarwa, ba yaƙini ba, gama kafireto mai datti ma yana kawo mafi yawansu. Shi ya sa za ka ga an wanke kafireto, an sake filogi, an kuma wankewa, ciwon yana nan daram. Baburan haya da injinan ban ruwa na bakin kogin Galma, da yake galibinsu masu bugu huɗu ne, nasu da sauƙi: mai ne ke tsattsafowa, kowa ya gani.

Hujja yankakkiya ita ce gwajin iska, ƙa'idar nan ta kanikawan baburan ruwa. A cire kafireto da salansa, a yanko tsohon tub a toshe ramukan biyu da shi, a ɗora ƙarfe a ɗaure tam, a bar filogi a mazauninsa, sa'an nan a sa mesa a hura iska da famfon hannu mai geji, kimanin awo 5 zuwa 7, alhali tayar mota tana shan 30 ko fiye. Kada a kuskura a sa injin faci, domin ƙarfinsa zai iya fizge lafiyayyen sil daga gurbinsa. Sai a zuba wa allurar geji ido minti 5. In ta tsaya cik, akwati lafiya lau. In tana zamewa, a kaɗa ruwan omo a shafa a bakin sil, da gindin silinda, da mahaɗar akwati, inda duk kumfa ta tsiro kamar ta tukunyar talge, nan ne ɓarakar. Gwanaye kan ƙara da zuƙe iskar, saboda akwai sil da ke riƙe turi amma ya gaza riƙe ja.

Wanda ya kai janaretonsa gyara, aka ce sil ne, ya roƙi bakanike ya girgiza shaf a gabansa tukuna. In akwai rawa, a canja boris tare da sil ɗin duka biyu, in ba haka ba sabon ma ba zai yi ƙarko ba.