Sembalun: Ƙauyen Tafarnuwa A Ƙasar Indunisiya

Manoma, wannan mako za mu yi nisan tafiya, zuwa ƙasar Indunisiya, can gabas da Indiya. Alhazanmu sun san mutanen ƙasar, gama babu ƙasar da ta kai ta yawan Musulmi masu zuwa hajji kowace shekara. Ƙasar duk tsibirai ce, sun fi 17,000. A cikinsu akwai wani wai shi Lombok, gabas da tsibirin Bali, a nan ƙauyen Sembalun ya ke. Labarinsa ya isa kowane mai gona ya saurara.

Ƙauyen yana cikin wani kwari mai faɗi a gindin Rinjani, wani dutse mai aman wuta wanda tsawonsa ya haura ƙafa 12,000. Kwarin kansa bisa tudu ya ke, kusan ƙafa 4,000, watau kamar Jos, saboda haka akwai sanyi ƙwarai da dare. Tokar da dutsen ya yi ta zubarwa tun zamanin da ita ta gyara ƙasar wurin, ta zama baƙa mai taushi. Mazauna wurin a na kiransu Sasak, Musulmi ne, har a kan yi wa tsibirinsu kirari da tsibiri mai masallaci dubu.

Daminarsu ba ta zo daidai da tamu ba. Ruwa ya kan sauka wajen Nuwamba, ya ɗauke wajen Maris ko Afril. Da damina sai shinkafa. In an yanke ta, sai a gyara wurin a sa tafarnuwa da albasa da dankalin Turawa da kabeji da karas da barkono, a yi ta ban ruwa daga idanun ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Gonakin ƙanana ne. Ma'auninsu a na ce masa "are", sai an haɗa wajen 40 kafin a sami eka guda, kuma mai eka ɗaya ko biyu ba ƙaramin manomi ba ne a can.

Tafarnuwa ce ta fara fid da sunan Sembalun. Daga wajen 1980 har bayan 1990 Gwamnati ta tsare kasuwa, ba ta barin ta waje ta shigo yadda a ka ga dama. Irin da su ke shukawa, mai suna Sangga Sembalun, ƙananan kai gare shi, amma da ƙarfin ƙanshi. Kuɗi ya shigo ƙauye, a ka gina gidaje, manoma da yawa su ka sauke farali da kuɗin tafarnuwa.

To, a 1997 sai tattalin arzikin ƙasashen Asiya ya rikice, kuɗin Indunisiya ya faɗi warwas. Gwamnati ta nemi rance wurin Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya, a 1998 kuwa a ka buɗe ƙofa ga kayan gona na waje. Tafarnuwar Sin ta kwararo, fara, mai manyan kai, ga araha. Manomin Sembalun ya rasa mai saye a kan kuɗin da zai mai da masa wahalarsa. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na tafarnuwar da a ke ci a Indunisiya daga waje ta ke zuwa, yawancinta daga Sin. A 2017 Gwamnati ta yi doka cewa duk attajirin da zai shigo da ita sai ya sa an noma kashi 5 cikin 100 na abin da ya shigo da shi a cikin gida. Wannan ya ɗan farfaɗo da noman, amma bai mai da shi yadda ya ke a da ba.

Da tafarnuwa ta karye, samari su ka nemi wata hanya. Waɗansu su ka haye Malesiya ƙwadago a gonakin kwakwar manja, gama Lombok ta Gabas tana cikin yankunan da su ka fi tura 'yan ci-rani waje. Sau da yawa gona a ke jinginarwa a sami kuɗin tafiya. Waɗansu kuwa su ka dubi dutsen da ke bayan gidansu. Turawa da mutanen birane suna son hawan Rinjani, su ga tafkin Segara Anak da ke cikin bakinsa, kuma ɗaya daga manyan hanyoyin hawa daga Sembalun ta ke tashi. Tafiyar kwana biyu ce ko uku. 'Ya'yan manoma su ka zama 'yan dako da 'yan jagora, suna ɗaukar tanti da abinci da ruwa cikin kwanduna biyu rataye a sandar gora, sau da yawa da silifa kaɗai a ƙafa.

Baƙi na zuwa, sai ƙasa ta yi tsada, musamman ta bakin hanya da wadda ke fuskantar dutse. Masu kuɗi su ka shiga neman fili domin gina masaukai. Ga yadda dokar ƙasar ta tsara. Dokar filaye ta 1960 ta ce cikakken mallaka, wanda su ke kira Hak Milik, na ɗan ƙasa ne kaɗai. Baƙo sai dai haya, ko izinin amfani mai suna Hak Pakai, wanda a kan fara da shekara 30, a na iya ƙarawa. Wanda ya ɓoye bayan sunan ɗan ƙasa ya sayi fili, cinikin ɓatacce ne a gaban shari'a. Amma fa dokar ba ta hana attajirin Jakarta ko na Bali saye ba. Manomin da ya sayar ya kan karɓi kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya sayi babur, ya yi biki, bayan 'yan shekaru ya koma ɗan ƙwadago a gonar wani.

Sa'an nan Allah ya kawo jarrabawa. Ran 29 ga Yuli 2018 girgizar ƙasa ta auku dab da Sembalun, gidaje su ka rushe, ɗaruruwan mahaya su ka maƙale bisa dutse. Ran 5 ga Agusta wata da ta fi ta ƙarfi ta biyo baya. Mutanen da su ka rasu a tsibirin sun haura 500. A ka rufe hanyar dutse wata da watanni. Ba a gama murmurewa ba sai annobar korona ta 2020 ta tsai da baƙi ɗungum. Masaukai su ka zama wayam. Wanda ya riƙe gonarsa ya koma ya duƙa, ya ci da iyalinsa. Wanda ya sayar kuwa, ba baƙo, ba gona.

Yanzu baƙi sun komo. Mai niyyar zuwa sai ya nemi biza, ya sauka Jakarta ko Bali, ya canja jirgi zuwa Lombok, daga nan tafiyar wajen sa'a uku ce a mota, hanya mai kwana-kwana. Ya guji watan Janairu zuwa Maris, gama a kan rufe hawan dutse saboda ruwa. Ya kuma riƙe bargo.

Abin lura gare mu shi ne, mutanen Sembalun sun ga arzikin tafarnuwa ya zo ya tafi saboda hukuncin da a ka yanke can nesa da su, sun ga na baƙi ya yanke cikin dare ɗaya. Ƙasar ce kaɗai ba ta gudu ba. Ku da ke da gonaki kusa da birni ko bakin sabon titi, dillalai za su zo muku in ba su riga sun zo ba. In bukata ta matsa, ku ba da haya ta shekarun da a ka ƙayyade, a rubuce, gaban shaidu da mai gari, ku kuma nemi takardar shaidar gonarku tun da wuri. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.