ƊINKIN LIFIDI YA DAWO TA CIKIN SALULA

Kaka ta wuce a ƙasar Kurfai. An ɗaure hatsi, an kai rumbu. Makiyaya sun gangaro da bisashe cikin Dallol Boso, suna kiwon kara. Abin da ya rage shi ne ɗari. Daga watan Disamba zuwa Janairu iskar hunturu tana sauka bisa Filinge, da Shikal, da Luma, da Tukunus. Tsoho ya kwana yana tari. Yaro ya kwana a ƙudundune bakin murhu. Magidanci mai iyali goma ba ya iya sayen bargo goma a kasuwa.

Tela kuwa, in ba salla ko biki, kekensa a rufe yake wuni. Ƙarƙashin teburinsa ƙyallaye ne tuli: guntun atamfa, guntun shadda, guntun yadi. Wasu a share a ƙone, wasu awaki su tauna. Alhali waɗannan ƙyallaye bargo ne, in an san yadda ake haɗa su. Aikin yana da malamai, kuma yau ana iya ganin malaman cikin salula.

MINE NE WANNAN ƊINKI?

Ɗinki ne mai hawa uku. Hawa na sama shi ne ƙyallaye da aka haɗa suka zama tufa guda mai faɗi. Hawa na tsakiya shi ne ciko: kaɗa da aka shiɓe, ko tsohon bargo, ko tsofaffin zannuwa wankakku. Hawa na ƙasa shi ne shafi, zane guda mai ƙwari. Sai a bi duka ukun da keke, zare ya ratsa su, ya riƙe su wuri ɗaya.

Wannan bin da keke shi ne zanen. Amfaninsa biyu ne. Yana hana ciko taruwa gefe guda in an yi wanki. Yana kuma ƙawata bargo, har mai saye ya ƙara kuɗi. Da wannan ɗinki ana yin bargo, da shimfiɗar jariri, da abin salla, da jakar littafi, da abin shimfiɗa ƙarƙashin sirdi.

AIKIN KAKANNI NE

Wani zai ce wannan aikin Nasara ne. Ba haka ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin hawan salla a Damagaram, ko Katsina, ko Kano, ya ga ƴan lifida. Rigar nan mai kauri da ke jikin doki da mahayinsa ita ce lifidi. Tufa ce sama, tufa ƙasa, a tsakiya kaɗa ko audugar rimi, an bi ta da ɗinki layi-layi. Kibiya in ta faɗa mata sai ta maƙale cikin ciko. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi cikin sarakunan Hausa. Ke nan sama da shekara 600. Kurfai ƙasar mahaya ce tun zamanin yaƙe-yaƙe, sunan lifidi ba baƙo ba ne a kunnen tsofaffinta.

Yaƙin kibiya ya wuce, ɗinkin ya koma kayan ado na sarakuna. Amma a wasu ƙasashe talakawa sun riƙe shi domin ɗari. A Amurka, cikin jahar Alabama, akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend. Matansa baƙar fata ne, jikokin bayi. Da tsofaffin wandunan noma suke haɗa barguna, domin ba su da kuɗin saye. A shekarar 2002 aka baje bargunansu a babban gidan nuni na birnin Houston. A 2006 aka buga hotonsu bisa tamburan gidan waya na ƙasar. Abin da aka raina ya zama abin alfahari.

MALAMI DAGA NESA

Koyo daga malamin da ba a gani ba sabon abu ba ne a Nijar. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraren rediyo, inda mutanen gari ke zama su ji darasi, su tattauna. A 1964 aka fara koyar da ƴan lakkol ta talabijin a Yamai. Amma rediyo ba ta nuna hannu. Talabijin kuwa ba ta jiran kowa: wanda ya makara ya rasa.

Salula mai intanet ta gyara wannan. Darasi yana zuwa da hoto mai motsi da magana, wato bidiyo. Mai koyo yana iya tsayar da shi, ya mayar da shi baya, ya sake kallo sau goma. Malami ba ya gajiya, ba ya tsawa. An buɗe YouTube a 2005, WhatsApp a 2009. A 2011 wani kamfanin Amurka mai suna Craftsy ya fara sayar da darussan aikin hannu ta intanet, har da wannan ɗinki. Yau darussa sun yi yawa. Wasu kyauta ne, wasu sai an biya.

Ga mutanen Kurfai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Saurayin da ya tafi koyon sana'a can sai ya nemi masauki da abinci, ya bar gona da tsofaffi. Matar aure mai goyo ba ta iya tafiya sam. Ga kuma rashin kwanciyar hankali da ya taɓa jahar Tillaberi, har aka hana hawan babur a farkon shekarar 2020. Lokacin da hanya ta yi wuya, malamin da ke cikin aljihu ya fi malamin da ke bayan gari.

ƘAƘA AKE YI?

Darussan sun bambanta, amma tushensu ɗaya ne. Ga abin da malamai suka fi nanatawa.

Da farko a wanke ƙyallaye, a goge su. Tufar da ba a wanke ba tana tsukewa daga baya, bargo ya yamutse. Wadda ke zuba kuwa sai ta ɓata sauran.

Na biyu, a yanka su daidai da juna. Ƙyalle mai kusurwa huɗu, santimita 12 kowane gefe, ya isa ga mai farawa. A haɗa su layi-layi, sannan a haɗa layukan.

Na uku, a shimfiɗa shafi bisa tabarma mai tsabta, a ɗora ciko, a ɗora na sama. A kama su da allurar hannu, taki manya-manya, tazarar tafin hannu. Wanda ya tsallake wannan zai ga tufa tana zamewa ƙarƙashin keke.

Na huɗu, a fara ɗinki daga tsakiya a nufi baki. In an fara daga baki, tufa tana taruwa a tsakiya ta yi ƙullutu.

Zanen da ya fi sauƙi shi ne miƙaƙƙen layi. A ja shi da alli, a bi. In an gitta layi bisa layi, sai a sami gidan dara. Kowane keke yana yin wannan, ko na ƙafa, ko na hannu. Sai dai a ƙara tsawon taki kaɗan, domin tufar tana da kauri.

Zane mai lanƙwasa shi ne mai wuya. A ƙarƙashin allura akwai ƙananan haƙora masu jan tufa gaba. Domin yin lanƙwasa sai a saukar da su. Wasu kekuna suna da abin murɗawa na saukar da su. Wanda nasa ba shi da shi, ya rufe haƙoran da ɗan kwali mai huda. Ana kuma canza ƙarfen da ke danne tufa, a sa mai zobe, irin na surfani. Daga nan hannu biyu ke tuƙa tufa duk inda ake so. Sirrin aikin shi ne ƙafa da hannu su tafi tare. In hannu ya fi sauri, taki ya yi tsawo. In ƙafa ta fi sauri, zare ya taru wuri ɗaya.

Malamai suna cewa a fara da takarda. A zana abin da ake so da fensir, ba tare da an ɗaga hannu ba, har hannu ya saba. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci ya san wannan. Haka ya yi ta maimaita baƙi bisa allo kafin ya iya rubuta sunansa.

Kuma ba dole ba ne a kwaikwayi furannin Turai. Ƙasar nan tana da nata zane: dagi, da aska ta babbar riga, da tambari, da zanen ƙwarya na matan Filani, da na kayan fata na Buzaye. A ɗauki dabara daga salula, a ɗauki zane daga gida. Shi mai saye na nan ya fi sani, kuma ya fi so.

KARATU SHI NE MABUƊI

Galibin darussan wannan ɗinki da Ingilishi ko Faransanci suke. Akwai teloli Hausawa da ke sa darussan yanka da ɗinki da Hausa, amma na bargo mai ciko ido ne ya fi aiki. Ido yana gane abin da hannu ke yi. Abin da ido kaɗai ba ya ganewa shi ne lamba.

Misali, malaman Amurka da inci suke awo. Inci ɗaya santimita 2 da rabi ne da ɗan ɗoriya. Bakin da suke bari wajen haɗa ƙyalle da ƙyalle rubu'in inci ne, wato kamar milimita 6. Yadi ɗaya santimita 91 ne, bai cika mita ba. Abin awon tela yana da fuska biyu, ɗaya inci, ɗaya santimita. Wanda bai iya karanta lamba ba zai auna da fuskar da ba ita ba, ya yi asarar tufa.

Neman darasin kansa sai da rubutu. Kuma salula tana taimakon karatu kamar yadda karatu ke taimakonta. A shekarun 2009 da 2010 an yi gwaji a garuruwan jahohin Doso da Damagaram. Wasu azuzuwan manya an koya masu aiki da salula tare da karatu, wasu ba a koya masu ba. Waɗanda suka taɓa salula sun fi ci gaba a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: abin da ake aiki da shi kullum ba a mance shi.

A YI HATTARA

Bidiyo yana cin mega da yawa, rezo kuma ba ko'ina yake da ƙarfi ba. Dabara ita ce mutum guda ya sauke darasi ranar kasuwa, inda rezo ke da kyau. Sannan ya tura ma sauran daga waya zuwa waya, ba da kuɗi ba. Mutum biyar suna iya koyo da salula ɗaya. Mata masu asusu, irin ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a jahar Maradi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi keke guda, su yi karɓa-karɓa.

Kada a aika kuɗi ga wanda ba a sani ba domin ya yi alkawarin darasi. A fara da na kyauta. Kada a ba kowa lambar sirri ta asusun waya.

Kada kuma manyan kekunan lantarki da ake gani cikin bidiyo su karya zuciyar kowa. Masu lifidi da allurar hannu suka yi nasu. Butterfly ko Singer na ƙafa ya wadatar.

A ƙarshe, salula ba ta duba aiki. Ba ta cewa zaren ƙasa ya yi sako-sako, ko allura ta dakushe. Wannan sai tsohon tela. Mai koyo ya kai masa abin da ya ɗinka, ya karɓi gyara da ladabi. Gani ga wane bai isa sana'a ba, sai hannu ya sha aiki.

Manomi da makiyayi suna da wata shida ko fiye kafin ruwa ya sauka. Wanda ya fara da shimfiɗar jariri bana, baɗi zai iya bargon manya. Ƙyallaye suna nan, keke yana nan, malamin karatu yana nan cikin gari. Da sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai kowa damina lafiya.