Ciwon Damuwa a Tsakanin Ɗaliban Kiwon Lafiya

Ya kai ɗalibi mai koyon aikin likita, jinya, haɗa magunguna ko gwaje-gwaje, da ke ɗaliba mai koyon waɗannan fannoni ko unguwarzoma, ko a Sakkwato kuke ko a Maraɗi, a Kano ko a Damagaram, da ku ake magana a wannan takarda. Za mu yi amfani da kalmar "kai" don taƙaitawa, amma maganar ta shafi kowa.

Tun shekarar farko aka koya maka alamomin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini. Ciwon damuwa kuwa akan jinkirta darasinsa sai can gaba, alhali yana cikin ɗakunan kwanan ɗalibai tun ranar da aka shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutane kimanin miliyan 280 ne suka yi fama da shi a duniya. A shekarar 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa wani nazari da ya tattaro bincike-binciken da aka yi a ƙasashe 47 a kan ɗaliban likitanci kusan 129,000. An samu alamomin ciwon a jikin kashi 27 cikin ɗari, kashi 11 cikin ɗari kuma sun ce tunanin kashe kansu ya taɓa zo musu. Daga cikin masu alamomin, kashi 16 cikin ɗari ne kawai suka nemi magani. Gaskiya ne akasarin waɗannan alƙaluma daga takardun tambayoyi aka samo su, ba daga ganin likita ido da ido ba. Duk da haka, auna su da ajinku: idan ku ɗari ne, mutum 27 ke nan, kuma huɗu ne kacal daga cikinsu za su ƙwanƙwasa ƙofar asibiti.

Yadda ake bambance shi da gajiya

Kowane ɗalibi yakan gaji, yakan kuma yi baƙin ciki idan ya faɗi jarrabawa. Wannan yakan wuce da barci da hutun ƙarshen mako. Ciwon damuwa ba ya wucewa haka. Ƙunci ne da ke zaune a zuciya mafi yawan yini, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye. Ko kuma abin da kake jin daɗinsa a da, ƙwallo ne ko hira ko karatun kansa, ya koma ba ɗanɗano. Barci yakan lalace, mutum ya farka tun kafin asuba ya kasa komawa, ko ya yi ta kwanciya bai gamsu ba. Cin abinci ya ragu ko ya ƙaru. Shafi ɗaya a karanta shi sau biyar bai zauna ba. Sai zargin kai ya biyo baya: "Ni ban cancanci wannan gurbi ba, na ɓarnatar da kuɗin mahaifina."

A ƙasashenmu sau da yawa da jiki yake fara magana. Ciwon kai, faɗuwar gaba, zafi a tsakiyar ka, kasala. Ɗalibin lafiya yana da dabarar da ke cutar da shi a nan, domin ya san sunayen magunguna: ya sha na zazzaɓi, ya sake da na taifot, wata ya shuɗe yana nan jiya i yau. Gwajin jini yana da amfani, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo sukan yi kama da wannan ciwo. Amma idan gwaji ya fito lafiya kuma nauyin bai sauka ba, lokaci ya yi da za a duba zuciya. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda ma'aikacin lafiya zai cika tare da kai cikin 'yan mintuna. Tana nuna hanya ne, hukuncin na likita ne.

Dalilan da suka sa ɗalibin lafiya ke cikin haɗari ba ɓoyayyu ba ne: jarrabawar da faɗuwa a cikinta kan mayar da mutum baya shekara guda, kwanan asibiti, ganin mutuwar yaro karo na farko ba tare da wani ya tambaye ka yadda ka ji ba, da kuma gida da tuni suke kiran ka "likita" suna jiran ranar da za ka ɗauke musu nauyi. Wanda ya tsallaka iyaka yana da ƙarin kaya. Wanda ya yi sakandare da Faransanci ya zo yana haddar sassan jiki da Turanci, ko akasin haka, yakan ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, alhali harshe ne. Yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya na wata takwas a 2022, yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro ɗalibai daga Khartum, da rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk sun bar ɗalibai da karatu a rataye.

Akwai maganar da ya kamata a daina faɗa wa mai wannan ciwo, wato cewa raunin imani ne. Mai sallah a kan lokaci yana kamuwa da shi kamar yadda yake kamuwa da ciwon suga. Addu'a da shawarar malami suna ƙarfafa zuciya, kuma ba su hana zuwa asibiti.

Magani

Yana da magani, kuma akan warke. Idan bai yi tsanani ba, tattaunawa a tsare da ƙwararre, gyara lokacin barci, motsa jiki da komawa cikin mutane sannu a hankali sukan wadatar. Idan ya yi nauyi, likita kan haɗa da ƙwayoyi irin su fluoxetine ko amitriptyline. Ba sa aiki nan take, sai an yi makonni ana sha kafin a ga sauƙi, kuma akan ci gaba da su watanni bayan an ji daɗi. Kada ka rubuta wa kanka, kada abokin aji ya rubuta maka. Wanda ke da ciwon da ke juyawa tsakanin ƙunci da zumuɗi, waɗannan ƙwayoyi su kaɗai za su iya tayar masa da rikici, matasa kuma suna buƙatar sa ido a makonnin farko. Tiramol, kodin da ƙwayoyin barci na kanti hutun dare ɗaya suke bayarwa, sannan su ƙara zurfafa ramin.

Mun san abin da ke hana ka zuwa: tsoron kada malamin da zai yi maka jarrabawa ya ga katinka. Sirrin majinyaci haƙƙinka ne kamar na kowa, kuma kana iya zuwa asibitin da ba a nan kake koyon aiki ba. A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, da Kaduna, da Maiduguri, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A Nijar akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ƙaramar cibiyar lafiya ma za ta iya ba ka takardar turawa.

Idan tunanin kashe kai ya zo maka, yau ɗin nan za ka faɗa wa wani ka nufi asibiti, ba sai an gama jarrabawa ba. Idan abokin ɗakinka ne, tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta dasa tunanin a zuciya. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da magunguna da maganin ƙwari daga ɗakin, ka raka shi da ƙafarka.

Wanda kuma ya fara shan magani a wata ƙasa zai je hutu gida, ya nemi likita ya rubuta masa ainihin sunan maganin da adadinsa, don sunan kamfani yakan bambanta tsakanin kantunan Najeriya da na Nijar. Ya tafi da abin da zai ishe shi har ya dawo, da takardar likitan a cikin jaka saboda bincike a bakin iyaka.